Silin da Muka Buga a Duwala

A Gaundare aka raba mu da fasfo ɗinmu, ni da mijina. Daga nan zan fara, domin abin da ya gabata kafin nan tafiya ce irin ta kowa, ƙishirwa da kumburin ƙafa da amai a bayan mota. Rubutawa nake yi saboda na kasa faɗa da baki. Duk wanda ya zaunar da ni ya ce in ba shi labari, ina kaiwa tsakiya sai muryata ta ɗauke.

Sunana Saudatu, 'yar Gafasa ce ni. Mijina Sale mutumin Balan ne, kafinta, kuma ɗan gwaggona, wato abokin wasana tun ina goye. Da na gama sakandare a Kano ya je wurin Baffa ya ce tunda ba mai kwasar 'yar boko, shi zai daure ya rage wa dangi asara. Ni ma na ce zan daure da warin katako. Bayan aure ban iya daina ce masa Yaya ba, shi kuma ba ya kirana da wani suna sai Akawu, don na iya buga tafireta.

Shekarar da gyaɗa ta ƙi, babu mai sa a yi masa ƙofa balle gado. A lokacin ne wani mutum mai suna Tanimu ya bayyana a kasuwar Ajingi, da agogo a hannu da takalmi sau-ciki, ya ce wani kamfanin katako a Kamaru, a ɓangaren da ake jin Ingilishi, yana neman kafinta, yana kuma neman mai buga tafireta. Kamar an gwada mu aka ɗinka maganar. Shi ya rako mu, kuma wallahi a hanya ya kyauta mana, har wurin zamansa ya bar mini daga Garwa.

A tashar Gaundare ya ce mu kawo fasfo a buga musu hatimi. "Ku zauna gindin mangwaron nan, kada ku motsa. Mutanen nan ba sa son ganin baƙo yana yawo." Muka zauna. Inuwa ta bar mu, muka bi ta, ta sake barinmu.

"Akawu," in ji Yaya, "duk karatun nan naku ba a koya muku kamannin ɓarawo ba?"

"Kai da kuke cin kwano ɗaya da shi tun daga Yola fa?"

Ya yi dariya, amma na ga yana ta murza hularsa a hannu har ta fita daga kamanninta.

Wata Bafillatana mai tallan nono ce ta gaji da kallonmu ta matso. Innata Bafillatana ce, saboda haka ina jin Fillanci gwargwado. Ta ce mutumin sana'arsa ke nan, fasfo yake sayarwa, kuma yanzu ya yi nisa. Ta zuba mana kindirmo ta ƙi karɓar komai, ta kai ni bayan wata bukka na yi wanka. Ita ta fahimtar da mu halin da muka shiga. A ƙasar nan, ta ce, kowace gada akwai shinge, kowane shinge akwai jandarma, wato 'yan sandansu, kuma abin da suke tambaya ɗaya ne, takarda. Marar takarda ko arewa ya nufa ko kudu, duk ɗaya. Gara mu bi motar albasar wani ɗan'uwanta zuwa Duwala, can akwai Hausawa da yawa, mutum yana iya nutsewa a cikinsu.

Haka muka bi albasa zuwa kudu. In an kusa shinge, Yaya ya kwanta tsakanin buhuna a ja masa tamfol, ni kuma in yafa zanen da matar nan ta ba ni in zauna gaba a matsayin ƙanwar direba. Daji ya yi ta kauri har sama ta ɓace, itatuwa suka haɗe kai a bisa hanya. Ni da na tashi inda ake hango mutum tun yana ɗan ɗigo a bakin gona, sai na ji kamar an sa ni a tulu. A wata gada na ga maza zaune a ƙasa cikin rana, an ɗaure bakin rigar kowane da ta na kusa da shi. Na tambayi direba ina ake kai su. Ya ce wasu sun ce iyaka, wasu sun ce aikin hanya a cikin kurmi. "Ba wanda ya taɓa bin su ya gano mana," in ji shi, ya tofar da goro.

A Duwala direba ya damƙa mu hannun Iya Asabe, mai tuwon sayarwa a unguwar Hausawa. A nan aka haife ta, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, Hausarta ma da wani lanƙwaso a ciki. Ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Wasu kuma! Ku dai ba kwa jin labari a can?" Sannan ta buɗe mana wani ɗaki a bayan madafarta. Ina yi mata wanke-wanke, Yaya yana gyara mata bencuna. Na yi ta nuna takardata ta sakandare ga duk wanda aka ce yana da hanya, su juya ta gaba da baya su miƙo mini, don nan Faransanci ake so. Daga baya ma fumfuna ta cinye gefenta a cikin akwati.

Abin da ya hana mu sakat shi ne kame. Da hantsi, ba zato, sai ka ji mata suna buga kwanoni, alamar motar jandarma ta shigo unguwa. Maza marasa takarda su watse ta kwata da bayan banɗaki. Yaya bayan buhunan gawayin Iya yake shigewa, ya fito baƙi ƙirin ya ce in kira shi Sarkin Maƙera. Ni ba na iya dariya. Duk addu'ata ta koma kan abu ɗaya, takardar zama, don kada wata rana a ɗaure bakin rigarsa da ta wani.

Ana haka wani mai cin tuwon Iya ya haɗa mu da wani attajiri, tsohon ma'aikacin kwastan, kowa Mushe yake ce masa, wato maigida da Faransanci. Yana jin Ingilishi, ni na zama tafinta. Ya gina sabon gida, zai aurar da 'yarsa, kuma yana so a yi wa barandar gidan silin katako kafin biki. Ya ce ba zai biya lada ba sai abinci, amma ya san mutanen ofishin takardu tun suna yara. "In aiki ya yi kyau, aka yi biki lafiya, takardunku biyu suna hannuna." Ya ce kuma kada mu kawo kowa, ba ya so a san ya sa marar takarda aiki. Yaya ya dube ni ya ce, "To Akawu, an yi miki ƙarin girma. Daga yau ke ce yaron kafinta."

Barandar doguwa ce, ta ɗauki gaban gidan kaf, an rufa ta da kwano. Da rana in ka tsaya a ƙarƙashi kamar an kifa maka tukunya daga kan wuta. Katakon da Mushe ya kawo ban taɓa ganin irinsa ba, ja, mai santsi, ba nauyi. Kowane falanki yana da ɗan harshe a gefe ɗaya, da ɗan kwari a ɗaya gefen, harshen wannan ya shige kwarin wancan. Yaya ya ce kafintoci mace da namiji suke ce musu. Na ce ai kafintoci ba su da kunya. Ya ce su dai ba su yi sakandare ba ne.

Ya fara da buga gicciyen katako a ƙarƙashin kwanon, ya ja zare daga bango zuwa bakin baranda don kada wani ya fi wani sauka. Sannan muka shiga jera falankai. Shi yana bisa tsani da ƙusoshi a baki, ni ina ƙasa na tokare ɗaya ƙarshen da doguwar gwafa wadda ya naɗe wa baki da tsumma don kada ta yi wa katakon tabo. In harshe ya shiga kwari, sai ya kara wani guntun katako a gefe ya buga da guduma, sannan ya cusa weji, wato ɗan katako mai tsini, ya matse, ya matse, har falankin ya yi 'yar ƙara. Sai ya soka 'yar ƙaramar ƙusa a karkace a cikin harshen, yadda falanki na gaba zai rufe ta. Garin katako a ido, wuya ya sage don kallon sama. In na ce na gaji sai ya ce, "Riƙe dai, ai ya fi tafireta lada."

Na tambaye shi me ya sa yake matse su har haka, ga shi sun riga sun haɗu. Ya ce haka ubangidansa ya koya masa a Gaya. Duk katakon da ya zo mana daga Kudu da ruwa a cikinsa yake zuwa. Ka buga shi da kaka sumul, kafin bazara ya tsotse ya bar maka tsagar da ƙadangare zai leƙo ya gaishe ka. Shi ya sa kafintan kirki ba ya barin ko wurin numfashi. "Katako raguwa yake yi, Akawu, ba ya ƙaruwa. Kamar gonar gado."

Akwai wata tsohuwa a gidan, uwar Mushe. Kullum tana tsakiyar barandar nan a kujerarta ta kaba, da lofe a baki, tana kallon ƙofar gida. In aiki ya iso kanta mu matsar da ita, in ya wuce ta sa a mayar da ita. Ba ta jin ko ɗaya daga harsunan da nake ji. Amma ranar farko da ta ga hannuna ya yi kanta saboda gwafa, ta kira ni ta shafa mini wani mai, ta hura, kamar yadda ake yi wa yara. Daga nan kullum sai ta ɓoye mini rogon nan nasu da ake kirɓawa a naɗe a ganye. Ba na son warinsa, amma a gabanta nake cinyewa. In lokacin salla ya yi, ita take korar jikokinta daga lungun da nake shimfiɗa ɗankwalina. Matar gidan kuwa, Madam, ba ta taɓa yi mana magana ba, da haɓa take nuna mana abu.

Falanki na ƙarshe sai da Yaya ya fere masa gefe, sannan ya buge shi da ƙarfi ya shige tsakanin ɗan'uwansa da bango. Aka shafa man da ke sa katako sheƙi. Wallahi abin ya yi kyau, kamar an shimfiɗa jan ruwa a sama. Mushe ya shiga ɗaki ya ɗauko rezar askinsa, ya hau tsani da kansa yana neman inda za ta shiga, bai samu ba. Ya sauko yana ta girgiza wa Yaya hannu. Na ce takarda fa? Ya ce bayan biki, kamar yadda aka yi. A hanyar gida Yaya ya saya mini gasasshiyar ayaba, muna tafe yana lissafa mini shagon da zai buɗe, da inda zai ajiye mini teburin tafireta a ciki.

Sai damina ta sauka. Ba irin tamu ba ce da hadari zai taso a zuba a ɗauke rana ta fito. Wannan zuwa take ta zauna. Gishiri ya zama ruwa a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, wanki ya yi ta wari a igiya.

Wata safiya ƙofar ɗakinmu ta ƙi buɗuwa, sai da Yaya ya sa kafaɗa. Iya tana tuƙin tuwo ta ce, "Haka take yi, ɗan nan. Kowace ƙofa a garin nan ƙiba take yi da damina. Ɗan rage mata gefe." Ya ɗauko abin fere katako ya ja sau ɗaya, ya sake ja, sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ɓawon da ya faɗi ƙasa. Sannan ya zauna a bakin ƙofar, cikin jiƙa.

"Yaya, lafiya?"

"Ƙofa ɗaya ce ta ƙaru haka," ya ce. "Ita tana da inda za ta je. Waɗanda muka jera daga bakin baranda har bango, ina za su je?"

Iya ta ajiye muciya ta saurari bayaninsa. Ta ce, "To ku saurare ni. Biki ya kusa. Ku ja bakinku ku yi shiru, ku karɓi takardarku, in ya so abin ya faɗo wa mai shi." Ni kuma na ce mu gudu Yawunde tun yau, ko a ƙafa. Na riƙe masa riga ina kuka.

"Tsohuwar nan fa a ƙarƙashinsa take wuni," ya ce. "Tashi ki yafa mayafinki. Ba ni da bakin yi masa bayani sai ke."

Da muka je, in ka tsaya a tsakiya ba ka ganin komai. Sai da Yaya ya kai ni ƙarshen barandar ya ce in kalla a karkace, na ga silin ya yi ɗan ciki a tsakiya, kamar na akuya mai sabon ciki. In ka yi shiru kuma, ƙarƙashin ƙarar ruwa a kan kwano, sai ka ji ƙas, can kuma ƙas.

Mushe ya saurare ni yana murmushi. Ya ce in gaya wa mijina ya kwantar da hankalinsa, wannan ba katakon kasuwa ba ne. A tanderun kamfani aka gasa shi ya bushe ƙarau, Turai za a kai shi, shi ne ya yi magana aka rage masa daga ciki, kuma daga tanderun aka kawo shi nan. Ina fassarawa na ga fuskar Yaya ta canja.

"Ce masa shi ya sa. Busasshe ne, ƙishirwa yake ji, yanzu yake sha. Ni kuma na matse shi kamar ɗanye."

"Yana nufin aikinsa ba shi da kyau?" in ji Mushe.

"Ce masa aikin garinmu na yi a garinsu."

Abin da Yaya ya roƙa kaɗan ne. A bar shi ya ciro falankin da ke jikin bango, ya rage masa faɗin yatsa biyu, ya sassauta na tsakiya, ya rufe tsagar da siririn katako. Amma an riga an ja wayoyin lantarki a jikin silin, an rataya fitilu da takardun ado. Madam ta fito ta ji abin da ake ciki, ta yi ta faɗa da Faransanci tana nuna mu da haɓa. Murmushin Mushe ya ɗauke. Ya ce ya san halin mutanen arewa, so muke mu ɓata aiki don a biya mu gyara. In Yaya ya taɓa ƙusa ɗaya kafin biki, to ya manta da takarda, kuma shi da kansa zai kira jandarma. Bayan biki ya yi duk abin da yake so.

Yaya ya samu itace biyu ya tokare cikin silin kafin mu tafi. Washegari muka tarar Madam ta sa an cire an kai madafa. Muka ja kujerar tsohuwa zuwa ƙarshen baranda, na durƙusa ina nuna mata sama, ina kwatanta faɗowa da hannu. Ta kalli silin, ta kalle ni, ta yi dariya ta shafa kaina. Ina jin ta ɗauka yaba mata aikin nake. Muna juya baya ta sa jikokinta suka mayar da ita tsakiya, don daga can ne ake ganin masu shigowa.

Ranar jajiberin biki aka kira mu haɗa bencin baƙi a wata rumfa a tsakar gida. Bayan la'asar ne, ana ruwa. Matan da ke fere rogo a baranda sun tashi ke nan sun shiga ciki kallon kayan amarya. Ina miƙa wa Yaya ƙusa na ji ƙara kamar an harba bindiga, sai wata, sai wata. Na waiwaya na ga silin ya buɗe daga tsakiya, falankai suna tsalle suna fitowa da ƙusoshinsu, fitilu suna fashewa. Ban ga tsohuwa ba. Ƙafar kujerarta kawai na gani.

Ƙofar gida a buɗe take, ba kowa a wurin. Na ce, "Yaya, ƙofa!" Bai ko dube ni ba, ya ruga barandar ya kama ɗaga katako yana jifa da shi. Shi ya ciro ta. Jini ya rufe mata fuska, ƙugunta ya juya wani iri, amma tana numfashi. Yana rungume da ita mazan gidan suka iso. Suka karɓe ta, sannan suka rufe shi da duka, da hannu, da falankan da ya fere da kansa. Na yi ta ihu da Hausa, da Ingilishi, da Fillanci. Wata mata ta riƙe ni ta baya, ban sani ba ko ceto na take ko tsare ni take.

Da motar jandarma ta zo, a ƙasa suka ja shi. Idonsa ɗaya ya rufe. Da za su jefa shi ciki ya ɗago kai ya neme ni, ya gan ni tsaye cikin ruwa. Ya ce, "Akawu, rufe kanki." Ashe ɗankwalina ya faɗi ban sani ba. Na sunkuya in ɗauka, kafin in ɗago sun rufe ƙofa.

Ban san yadda na kai gidan Iya ba. Daga washegari muka shiga nema. Ni ba ni da takarda, saboda haka ba na iya shiga, sai in tsaya a tsallaken titi wurin masu gyaɗa, Iya ta shiga da kwanon tuwo a hannu. Ta fito da kwanon yadda ta shiga da shi. Wannan ofishi su ce ba su aka kawo wa ba, wancan su ce an wuce da shi wani wuri, wani wurin su ce wane ne haka, ina takardar da ta nuna akwai mai wannan suna? Iya ta kai maganar gun sarkin Hausawan unguwa. Ya aika, ya je da kansa, ya dawo ya ce mini, "'Yata, mutumin da ya shigo ƙasa ba a rubuta ba, in ya ɓace ma ba a rubutawa." Wani da aka sako ya ce ya ga mai kama da shi a wani ɗaki, ba ya iya tashi. Wani kuma ya ce ya ga an loda shi da wasu a babbar mota da ta nufi kurmi. Kowanne na ba shi tuwo, kowanne na yarda da shi.

Sai labari ya zo tsohuwa ta rasu a asibiti. Na zauna bayan madafa na yi ta kuka, Iya ta same ni ta ce, "Ke wace irin yarinya ce? Naki bai ishe ki ba?" Ranar ce kuma aka ga wasu samari daga dangin Madam suna tambayar gidan da matar kafinta take. Iya ba ta yi shawara da ni ba. Ta ɗaure mini kayana, ta sa zarton Yaya da gudumarsa a tsakiyar zannuwa, ta kai ni wurin wani direban motar goro mai zuwa arewa. Na ce ba zan tafi in bar shi ba. Ta ce, "In kin zauna, ku biyu za a nema, kuma ba mai nema sai ni. Ƙafata ɗaya ce mai lafiya. In ya fito, nan zai fara zuwa, ni zan sa shi a mota da hannuna." Ta tura ni ciki ta rufe.

Komowa ba ni da abin faɗa a kanta. A kowace gada in na ga maza zaune a ƙasa sai in leƙa ina duba fuskokinsu, direba yana ce mini in mayar da kaina ciki kada in jawo masa. A Gaundare na nemi mai nonon nan ban gan ta ba. Iyaka ta daji muka bi da ƙafa, ni da wasu mata fatake.

Ranar kasuwar Gaya na sauka, na bi masu jakuna zuwa Balan. Ban fara zuwa gidanmu ba, don uwar Yaya ce ya kamata ta fara ji. Na tarar da Gwaggo tana sussukar gero. Ta gan ni, ta saki taɓarya, ta rungume ni, amma idonta yana kan zaure. Ta sake ni ta je ta leƙa waje, ta duba hanya, ta dawo.

"Ina yayan naki? Ya tsaya gaisawa da mutane ko?"

Sai da aka yi magariba na gaya mata.

Bayan kwanaki maza suka taru a zaure, Baffa ya zo daga Gafasa, aka kira liman. Aka aiko in zo bakin ƙofa. Baffa ya ce, "Saudatu, ke kaɗai kika gani. Jama'a suna ta tambaya. A yi zaman makoki ki shiga takaba, ko a jira?" Na ce ni dai lokacin da suka rufe motar yana da rai, har ya yi mini magana. Liman ya ce to ba a yi wa mai rai makoki, ba a kuma ɗaura wa matar mai rai aure, sai in alƙali ya yanke bayan shekaru. Gwaggo daga cikin gida ta ɗaga murya ta ce duk wanda ya shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gida, ita da shi har gaban Allah.

Ina nan ɗakin Gwaggo. An ce ana neman malama a firamaren Ajingi, na je, na tarar ajin da silin, na kasa tsallaka bakin ƙofa, na juyo. Ranar kasuwa nakan aika a tambayi direbobin goro.

Matan gari suna shigowa, sai su tsaya a tsakar gida suna gyara mayafi, don ba su san gaisuwar da za su yi mini ba. Ba su da halin cewa ya maigida, suna kuma tsoron Gwaggo. Jiya wata tsohuwa daga Gafasa, ƙawar Innata, ta zo. Ba ta san dokar gidan ba. Ta durƙusa ta kama hannuna ta ce, "Saudatu, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa."

Na dubi Gwaggo ina jiran ta tashi da faɗa kamar yadda ta saba. Tana tsince wake a faifai. Hannunta ya tsaya, ba ta ɗago ba. Can, a hankali, na ji ta ce, "Amin."